Alamar Gadsby

Idan ana lissafa mutanen da suka tallafe Ingila har ba ta faɗi ba, zalunci ne a tsallake Mista Aubrey Tranter. Shekara ashirin da biyu ke nan yana shugabancin Ƙungiyar Masu Motar Thornby, kuma a tsawon wannan zamani babu ɗan ƙungiyar da ya ɗaure noti ɗaya a motarsa ba tare da labari ya isa kunnensa ba. Shi ne shugaba, shi ne babban alƙalin gasa, shi ne mai tsara mujallar ƙungiya. Wasiƙun yabo da ke fitowa a shafin masu karatu ma, duk wanda ya san salonsa ya san wa ya ɗauke wa masu karatu wannan wahala.

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyar, domin motocin goma sha ɗaya suka rage. An ƙera Thornby daga 1963 zuwa 1969 a wata masana'anta da ke bakin layin dogo a Midlands, guda dubu huɗu da 'yan kai. Mota ce mai faɗi, mai nauyin jiki, ba ta gaggawa. Tana ɗaukar mutum shida da kare da kwandon abinci, in aka kwantar da kujerar baya kuma har da keken yara. Ba wanda ya taɓa sayenta don a gan shi. Malaman makaranta suka saye ta, da likitocin dabbobi, da iyayen da suka haifi na huɗu ba shiri. Suka yi ta kai yara bakin teku a cikinta, yaran suna amai, har gishirin hanya da tsatsa suka cinye ta. Har yau in ka tsaya shan mai sai wani dattijo ya matso ya ce, "Babana ya yi irinta." Ya nemi izini ya sa kansa ta taga, ya shaƙi warin kujerun. Wasu sukan yi dariya. Wasu sukan tafi ba sallama.

Mahaifin Mista Tranter bai yi irinta ba. Shi ya sa ya fi mu fahimtarta, domin babu wani tunanin yarinta da ke shiga tsakaninsa da ƙarfe.

Tasa motar ba ta taka titi. A kan ƙaramar tirela take zuwa taro, lulluɓe da mayafi, mutum huɗu su turo ta ƙasa bayan sun cire agogunansu. A shekara ashirin da biyu ta yi tafiyar mil tara, bakwai daga ciki kuskuren wani bakanike ne wanda ya ɗauka motar hawa ce. Ba a taɓa zama a kujerar bayanta ba. A 2009 matarsa Sheila ta ɗora jakar hannunta a wurin na kamar minti ɗaya. An ambaci lamarin a mujalla ba tare da kama suna ba.

Ranar gasa yakan fito da farar safar hannu, da tocila, da madubi a kan sanda don leƙen ƙarƙashin mota. A bayan idonsa Farar Safa muke ce masa. Trevor Oldroyd, tsohon mahauci mai motar da ta fi kowace hayaƙi, shi Likita yake ce masa a gaban idonsa, Mista Tranter kuma bai taɓa gyara masa ba.

"Mota ba ta mai ita ba ce," yakan faɗa mana kafin ya fara. "Amana ce daga masana'anta. Ku masu riƙo ne. Wasunku ma riƙon bai kai ba."

Abin da yake nema ɗaya ne, asali. Mota ta kasance yadda ta fito daga ƙofar masana'anta, kamar ba a taɓa haihuwar kowa ba bayan ranar. Noti na zamani, maki biyu. Zaren kujera da ya fi na asali kauri, maki ɗaya. Ya taɓa cire wa wata mata maki saboda iskar tayarta ta fi abin da littafin masana'anta ya faɗa.

Tawa motar mahaifina ya saye ta sabuwa a 1967, na gaje ta, ba a taɓa sake mata fenti ba. Ina ɗaukar taki a cikinta, ina zuwa kasuwa. Shekara goma sha bakwai a jere ni ne na ƙarshe a gasa, ban kuma taɓa jayayya ba, domin lissafinsa daidai ne.

Bazara uku da suka wuce, yana cikin neman abin cire maki, ya kwantar da kujerar bayan motata ya haska katakon da ke bayanta. Ya daɗe bai ɗago ba. 

A jikin katakon akwai zane da alli mai maiƙo, ruwan ɗorawa. Da'ira ce mai ɗan tsawo, kamar faɗin tafin hannu. Gajerun layuka huɗu sun miƙe sama daga jikinta. Layi ɗaya dogo ya lanƙwasa gefe.

"Ku matsa baya," in ji shi. "Kada wanda ya yi numfashi a nan. Jama'a, alamar mai duba mota ce ta ƙarshe a masana'anta. Shekara ashirin ina cewa akwai ta."

Ba wanda ya tuna ya taɓa faɗa.

'Yata Bryony ce ta zana shi, a watan Agustan 1986, tana da shekara shida, a hanyar garin Whitby na bakin teku, lokacin da muka tsaya injin ya huce. Ta rasu shekara tara da suka wuce, bayan jinyar wata huɗu. Ba na yawan kwantar da kujerar. Sau ɗaya ne a shekara, ranar tara ga Agusta, ranar haihuwarta, idan ni da matata Judith mun kai motar Whitby mun tsaya a inda muka saba tsayawa.

Na ce, "Mista Tranter, wannan zanen..."

"Mista Hallam," ya ɗaga farar safa, "kai ka mallake ta, ni na fahimce ta. Kowa ya tsaya a aikinsa."

Na tsaya a aikina. Sunan Bryony ba abin da zan faɗa ba ne a fili, ga mutumin da ke riƙe da tocila.

Maƙalarsa a kan alamar ta fito a mujalla a shafi goma sha takwas. A tsohon jerin ma'aikatan masana'anta ya samo wani Ernest Gadsby, mai duba motoci kafin su fita, ya kuma gina shi tun daga takalmi har hula. Gadsby mutum ne mai tsantseni, mai ƙarancin magana, wanda kunnensa ke jin sakin noti daga nisan taku goma. Duk wanda ya karanta ya ga kamar ya san wani mai irin wannan hali. Da'irar, in ji maƙalar, injin ne, an gwada shi ya zagaya lafiya. Layuka huɗun ƙafafun mota ne, kowace an duba birkinta. Dogon layin gwajin hanya ne, lanƙwasarsa kuma ta nuna har kwana aka sha. Me ya sa babu alamar a sauran motoci goma? Jahilan masu gyara ne suka goge. Rashinta a mota goma ya zama hujja goma a kan cewa tana nan da.

Aka kafa doka ta arba'in da ɗaya: motar da ba ta ɗauke da Alamar Gadsby ta rasa maki uku. Ya ɗauko mai zanen allunan shaguna daga Leamington, aka kwafi alamar a motoci goma da fentin da ba ya fita, aka bi ta da man katako mai ƙyalli shafi biyu, domin ta dawwama. Aka ɗinka ta a aljihun kwat ɗin 'yan ƙungiya. Aka sassaƙa ta a jikin kofin azurfa na gasa, wanda Mista Tranter ke miƙa wa kansa kusan kowace shekara.

Zan faɗi laifina yadda yake. A taron da ya biyo baya na bi layin motocin nan goma, kujerunsu a kwance, na ga zanen sau goma. Na koma motata na zauna na ɗan lokaci. Ban ce wa kowa komai ba, ban kuma so a goge ba.

Sai bana, a watan Afrilu, famfon birkin motata ya fara tsiyayar da mai. Irinsa ba a ƙera shi tun kafin a haifi Bryony. Guda shida da suka rage a duniya suna cikin kayan gyaran da ƙungiya ta kwashe lokacin da dila na ƙarshe ya rufe, kayan kuma suna rumfar bayan gidan Mista Tranter. Makulli na hannun Sheila. Izini na hannunsa.

Muka zauna taro a ɗakin bayan coci, da shayi da biskit ɗin da ya sha iska. Ya miƙe tsaye, ko da yake mu bakwai ne kuma tebur ɗin ƙarami ne.

"Alamar Gadsby ta asali, ita kaɗai a doron ƙasa, tana yawo a titi," in ji shi. "Cikin danshi. Kusa da taki. Ina kawo shawara a cire katakon a ajiye shi a Gidan Tarihin Ƙungiya."

"Wane gida ke nan, Likita?" in ji Trevor. "Kabad ɗin gilashin nan na ɗakin cin abincinka? Wanda Sheila ke ajiye kwanukan baƙi?"

"An kwashe kwanukan."

"To, ai shi ke nan. Ƙasa ta tsira."

"Doka ta goma sha biyu," Mista Tranter ya ci gaba yana duban bango, "ta ce ɗan ƙungiyar da ya hana adana tarihi ba shi da rabo a kayan gyara. Ba barazana nake yi ba. Karatu nake yi."

A wannan makon na rubuta masa wasiƙa. Layi uku ce. Na ce 'yata ce ta yi zanen, na faɗi shekara, na faɗi wuri. Amsarsa ta zo a takarda mai tambarin ƙungiya, zanen Bryony a samanta. Ya yi mini ta'aziyya a jimla ɗaya, cikakkiya, ba kuskure. Sannan ya ce iyalai sukan yi irin wannan iƙirari, kuma tarihi ba ya aiki da abin da iyaye suke tunawa, hujja yake nema. Shaidu uku ne suka ga an yi zanen: ni, da Judith, da karenmu. Mu biyun muna da son rai a zancen. Karen ya mutu a 1993.

Don haka zaɓin ya fito sarai. Ko motar ta zauna a gareji da katakonta, ba birki, ba Whitby. Ko ta hau hanya ranar tara ga Agusta, mu tsaya a inda muka saba, mu kwantar da kujera mu kalli rami.

Judith ta karanta wasiƙar sau ɗaya ta ninke ta. Ta ce, "Ka san da Bryony ta yi dariya har ta faɗi." Na ce na sani. Ba ta faɗa mini abin da zan yi ba.

Aka sa bikin miƙa katako ranar gasar Yuli, a filin wani manomi kusa da Southam. Ana yayyafi. Trevor ya jawo motata da tasa, a hankali, hayaƙinsa na shiga mini ta taga. Sukudireba na cikin aljihuna. Noti shida ne ke riƙe da katakon, na ƙirga su da safe, ban kuma yanke shawara ba.

Mista Tranter ya tanadi abin da zai cika ranar. Bayan wata biyar yana bincike ya gano Misis Doreen Pogson, mai shekara tamanin da tara, wadda ta yi ɗinkin kujeru a masana'antar Thornby tun daga buɗewa har rufewa. Ita ce za ta tabbatar da alamar a gaban jama'a da wakilin jaridar gari. Bai tambaye ta komai ba kafin ranar, domin ya riga ya san amsa. Aka zaunar da ita a rumfa da bargo a gwiwa da yankan kek a hannu.

Ya yi magana minti arba'in ta lasifika. Ya ce akwai mutanen da ke gani, akwai masu kallo kawai. Ya ce shi da marigayi Gadsby ba su taɓa haɗuwa ba, amma wani lokaci, in ya sa safa, yakan ji kamar hannun mutumin ne a ciki. Sannan ya sunkuya ga baƙuwar.

"Misis Pogson, kin san Ernest Gadsby?"

"Ernie? Allah ya jiƙansa. Kowa ya san Ernie."

"Faɗa wa jama'a yadda yake duba mota."

"Yakan buga ƙofa da ƙarfi," in ji ta, tana share garin kek daga bargo. "In ba ta faɗi ba, mota ta wuce."

Aka yi 'yar dariya. Mista Tranter ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

"Amma alamarsa fa, wadda yake yi a bayan kujera?"

"Bayan kujera? Ɗan nan, Ernie bai taɓa sunkuyawa ba. Ciwon baya gare shi. Igiyar takalminsa ma ni nake ɗaure masa in ta kwance."

"Wataƙila idan kin gani da idonki."

Aka kamo ta har bakin motata. Ni na kwantar da kujerar, domin ba na son farar safa ta taɓa ta. Ya haska mata tocila. Ta gyara tabarau, ta matsa, ta duba kamar yadda ake duba abin da aka manna a jikin firji.

"Wayyo, ɗan kirki," in ji ta. "Wa ya zana?"

"Ernest Gadsby, a ranar..."

"Kai, rufa mini baki. 'Ya'ya biyar na raina, jikoki goma sha huɗu. Yaro ne ya yi wannan. Tunkiya ce ta faɗi?"

Ta juyo tana neman mai mota. Kowa ya juyo tare da ita.

"Kare ne," na ce. "Sunansa Pickle. Haka yake kwanciya rigingine, ƙafafu sama, yana jira a sosa masa ciki."

"Ga wutsiyar nan ma," in ji ta, ta nuna gwajin hanya da ɗan yatsa. "Ta iya zane. Mace ce ko?"

"Mace ce. Bryony."

"Tana ina yanzu?"

Judith ce ta amsa. Misis Pogson ta kama hannunta ta riƙe, kek ɗin kuma ya faɗi a ciyawa.

Mutum goma suka sunkuyar da kai suka dubi aljihun kwat ɗinsu. Da zarar an ga kare, ba a iya daina ganinsa. Trevor ya yi ƙoƙarin danne dariya, na ba shi wannan. Ya cije leɓe, ya kalli sama, ya kalli takalminsa. Sannan ya ce a hankali, "Likita, ashe birkin ƙafafun nasa duk an duba," ya tafi bayan rumfa, muna jiyo shi daga can.

A irin wannan lokaci ake gane babban mutum. Mista Tranter bai girgiza ba. Ya kashe tocila. Ya ɗauko takardar maki daga hammata, ya cire murfin alƙalami, ya yi rubutu, ya karanta da muryar da lasifika ba ta buƙata.

"Mota mai lamba goma sha ɗaya. Zanen da ba na masana'anta ba a katakon kujerar baya. An cire maki uku." Ya mayar da murfin. "Katakon ba shi da wata daraja ta tarihi. Ƙungiya ba ta buƙatarsa."

Na ce na gode. Da gaske nake.

Ana tashi daga taro Sheila ta zo wajen tagar motata da wani abu naɗe a tsohuwar jarida, ta ajiye shi a kujerar baya, ta ɗora jakar hannunta a gefensa ta bar ta can har ta gama magana da Judith. Famfon birki ne. Ta ce kada mu damu da rubuta takardar nema, ita ma ba ta damu da neman izini ba. Ranar tara ga Agusta muka isa Whitby da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Birkin ya kama lafiya a gangaren.

An soke doka ta arba'in da ɗaya ba tare da an karanta ta ba. Mujalla ba ta ambaci ranar ba, sai dai ta ce an yi yayyafi. Mista Tranter ya umarci kowa ya goge alamar daga motarsa, amma shi ya zaɓi fentin, kuma ya zaɓa da kyau. Mutum uku suka gwada suka haƙura. Trevor ya ce nasa karen ya saba da gidan. Shugaba da kansa ya yi mako guda da samfefa a kan tasa motar, har ya cinye fentin, ya cinye man katakon, ya shiga cikin katakon asali zurfin farce. Bisa dokar da ya rubuta da hannunsa a 2004, wannan maki biyar ne. Ya cire wa kansa kafin a rufe lissafin gasar, domin shi mutum ne mai gaskiya, ya zo na biyu.

Kofin ne ba yadda za a yi da shi. Maƙerin azurfa ya ce sassaƙar ta yi zurfi, in aka kankare za a huda. Dokar ƙungiya kuma ta ce shugaba ne kaɗai ke goge kofi kafin a miƙa shi, a gaban kowa. Don haka ranar ba da kyauta muka tsaya a layi, Mista Aubrey Tranter ya sa farar safarsa, ya ɗauki kofin, ya hura masa iska, ya yi ta murza shi a hankali da yatsa biyu, daidai tsakiyar da'irar, inda Pickle ya fi so.